Matambayi Ba Ya Ɓata: Me Ya Hana Shawara Kashe Sauron da Ke Ɗauke da Ita?

Wasiƙu uku na wannan wata sun haɗu a kan magana guda ba tare da masu su sun san juna ba, don haka na ba su shafin gaba ɗaya. Mai tambaya a kan ciwon hanta daga Agadas, ka yi haƙuri, taka tana nan a aljihun tebur sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a jihar Bauchi, ina cikin waɗanda suka yi aikin allurar rigakafi lokacin da shawara ta ɓarke a yankin Alƙaleri a 2019. Tun lokacin abu ɗaya yake damuna. Cutar da ke kwantar da ƙato cikin mako guda, ta mai da idonsa rawaya, yaya ɗan sauro yake yawo da ita a cikinsa ba ta yi masa komai?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, sannu da aiki. Bari in fara da gyara miki kalma ɗaya. Kin ce ba ta yi masa komai. Tana yi masa. Tun ranar da sauro ya sha jinin mai cuta har ranar mutuwarsa kokawa ake yi a cikinsa, sai dai kokawa ce da ba a kayarwa.

Sauron da ya fi shahara da yaɗa shawara a gari shi ne Aedes aegypti, mai zanen fari a ƙafafu, mai cizo da rana, wanda ke hayayyafa a randa da tsohuwar taya. Yana da dangi a daji masu ɗauko cutar daga birai. Dukansu ba su da irin garkuwar da allurarki take tayarwa a jikin mutum. Ƙwaro ba ya yin antibodi, wato furotin ɗin da jikinmu ke sakewa cikin jini don kama ƙwayar cuta. Abin da yake da shi wata tsohuwar dabara ce da shi da tsirrai da tsutsotsi suka yi tarayya a kai, wadda zan kira rufe bakin RNA.

Bairas ɗin shawara rubutu ne a naɗe cikin kwanson furotin. Rubutun shi ne RNA, zare sili ɗaya mai haruffa kusan 11,000. Idan ya shiga sel, wato ɗan mitsitsin ɗakin nan da jikin kowane mai rai ya ginu da irinsa, dole ya kwafi kansa. Ba ya iya kwafa kai tsaye. Sai ya fara saƙa abokin zaren, wanda kowane harafinsa ya dace da na asali, sannan daga abokin ya riƙa fitar da sababbi. A wannan tsakanin zare biyu suna manne da juna kamar igiya mai tufka biyu. To, lafiyayyen sel ba ya barin doguwar RNA mai tufka biyu a yashe a tsakar gidansa. Duk inda aka gan ta, baƙo ya shigo.

A cikin sel ɗin sauro akwai wani furotin da masana suka raɗa wa Dicer-2, ni kuwa almakashi nake ce masa a aji. Da ya ga tufka biyu sai ya bi ta yana datsawa, kowane guntu haruffa 21, ba ƙari ba ragi. Sai wani furotin, Argonaute-2, ya ɗauki guntu ɗaya, ya yar da sili ɗaya, ya riƙe ɗayan. Kin san yadda ake fitar da ankon biki: a yanko ƙyalle a ba ki, ki shiga Kantin Kwari kina ɗora shi a kan atamfofi har ki sami wadda zanenta ya dace. Haka Argonaute yake yawo da ƙyallensa a cikin sel, sai dai shi ba saye ya zo yi ba. Duk RNA ɗin da ta dace da ƙyallen, tsaga ta yake yi gida biyu. Da rubutun bairas ɗin kansa ake farautarsa.

Mutane sun yi tuntuɓe da wannan dabara kafin su gane ta. A 1990 masu bincike a Amurka suka ƙara wa furen fetuniya ƙwayar gadon launi don shuninsa ya ƙara turuwa, sai furanni suka fito fari fat ko dabbare-dabbare. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna a jikin wata 'yar tsutsa cewa RNA mai tufka biyu ce ke kunna abin, aka ba su kyautar Nobel a 2006. A wannan shekara ta 1998 kuma masana cututtukan shuka suka gano cewa bairas ma ba a zaune yake ba: yana zuwa da furotin na musamman wanda aikinsa hana ruwa gudu, ya toshe wannan dabara kafin ta yi aiki.

Na dabbobi sai a 2002 aka kama na farko, kuma labarinsa yana burge ni har yau. Akwai wani ƙaramin bairas da aka samo a jikin gwazarmar da ke cin saiwar ciyawa a Niyu Zilan, kusa da wata makarantar koyon noma mai suna Flock House, sunan ya bi shi. Shou-Wei Ding da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside suka lura da wani ɗan furotinsa, B2, wanda ba a san amfaninsa ba. Suka cire B2, suka zuba bairas ɗin a kan sel ɗin ƙudan ayaba, sai ya kasa hayayyafa. In da nan aka tsaya, wani zai ce ai kun cire masa wani ƙarfe ne daga injin kwafi. Sai suka sake gwaji: bairas marar B2, a cikin sel ɗin da aka kashe wa Argonaute-2. Bairas ya miƙe ya ci gaba da harkarsa kamar ba a taɓa shi ba. Wato injinsa lafiya lau yake, B2 garkuwa ce kawai, kuma in babu mai jifa ba a bukatar garkuwa. Duk shekara ina zana wa ɗalibaina wannan gwaji a allo, don ban san wata hujja a ilimin halittu da ta fi ta tsabta ba. A 2006 ƙungiyoyi uku daban-daban suka tabbatar da shi a jikin ƙuda mai rai: ƙudan da ba shi da Dicer-2 ko Argonaute-2 yana mutuwa da wuri in bairas ya kama shi.

Hanyoyin hana ruwa gudun ba ɗaya ba ne, kuma in kin riƙe misalin tela za ki gane su. B2 lulluɓe atamfar yake yi. Yana kwanciya a kan RNA mai tufka biyu, doguwa ko guntuwa, almakashi ya rasa inda zai kama. Wani bairas na ƙudan ayaba da ake kira Drosophila C yana da furotin 1A mai irin wannan aiki a kan doguwar tufka. Ɗan'uwansa na jini kuwa, bairas mai shanye gyare, shi ma sunan furotinsa 1A, amma ko kallon atamfar ba ya yi. Yana bari a yanka, a fitar da ƙyalle, sannan ya kama hannun Argonaute-2 ya hana shi tsagawa, daga baya ma ya sa sel ɗin ya narkar da shi. 'Yan gida ɗaya, makami daban. Wannan ya nuna mana cewa ba gadon kaka ɗaya ba ne, kowane bairas ya ƙera nasa a lokacinsa. A ɓangaren shuka akwai P19 na wani bairas ɗin tumatir, wanda aka ɗauki hoton siffarsa a 2003: kamar awartaki yake, bakinsa ya buɗe daidai tsawon guntu mai haruffa 21, yana tsince ƙyallayen yana ɓoyewa kafin su isa hannun mai farauta.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar furotin faɗa ko kaɗan, ita ce ɓuya. Dangin shawara, wato denge da Zika da sauransu, suna lanƙwasa tantanin cikin sel su yi 'yan aljihuna, a ciki suke kwafi, tufka biyun ba ta cika leƙowa waje ba.

Yanzu ga amsar tambayarki. A 2008 Kevin Myles da Zach Adelman da abokansu a Bajiniya ta Amurka suka ɗauki bairas ɗin Sindbis, wanda aka fara samu a Masar a 1952, wanda kuma sauro ke ɗauka ya rayu da shi lafiya. Suka dasa masa B2 aro. Guntayen nan masu haruffa 21 suka ragu ƙwarai a jikin sauron, bairas ya yi ambaliya, sauro suka mutu. Shekara guda bayan haka wata ƙungiya a Kolorado ta sami irin wannan sakamako. Duba ki gani: an ba bairas makami mafi ƙarfi, sai ya kashe jirgin da ke ɗauke da shi. Bairas ɗin shawara yana bukatar sauron ya rayu kwana goma ko fiye, gwargwadon zafin gari, kafin ya ratsa daga hanji ya kai yawu. Sauron da ya mutu a kwana na biyar bai cizi kowa da cuta ba, kuma zuriyar bairas ɗin da ke cikinsa ta ƙare a nan.

Ba wai shawara hannu rabbana take shiga ba. A 2016 mutanen Myles ɗin nan suka nuna cewa furotin ɗin da ke naɗe rubutunta yana kama RNA mai tufka biyu ya tare Dicer, kuma ƙarfinsa ba kaɗan ba ne. Dangin nata suna kuma barin wani guntun wutsiyar RNA da sel ya kasa narkarwa, wanda aka ga yana rage kaifin almakashin. Amma duk da haka in aka niƙa sauro mai ɗauke da irin waɗannan cututtuka ana samun guntaye masu haruffa 21, alamar almakashi bai daina aiki ba. A fahimtata, abin da ya wanzu har ya iso zamaninmu shi ne bairas ɗin da ya danne garkuwar sauro daidai yadda zai kai yawu, bai kuma danne ta har ya kashe mai gida ba. Waɗanda suka zarce sun tafi tare da sauronsu. Mutum kuwa, a wajen bairas ɗin, zango ne na 'yan kwanaki: muddin wani sauro ya sha jini a kwanakin farko na zazzaɓi, abin da ya sami mai jinin bayan nan bai rage wa bairas komai ba.

Wani ɗalibina da ya ji wannan ya ɗaga hannu ya ce, to Malam, a saki bairas mai B2 mana ya gama mana da sauro. Na ce masa bairas ɗin da ya cika cikin sauro maƙil, mai iya shiga jikin mutum, ba abin saki ba ne a unguwa. Masana ma akasin haka suka gwada. A 2006 a Kolorado an ƙirƙiri Aedes aegypti da ke yin tufka biyun wani yanki na bairas ɗin denge da kansa a hanjinsa duk lokacin da ya sha jini, wato yana da ƙyallen tun kafin baƙo ya iso. Sauron ya ƙi ɗaukar cutar. Sai dai bayan zuriya da yawa a ɗakin gwaji abin ya dushe.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a aji uku, ina karanta ilimin ƙananan halittu a Zariya. A takardar da aka raba mana an jero furotin NS1 na bairas ɗin mura da furotin VP35 na Ebola a matsayin masu hana rufe bakin RNA. Amma wani malaminmu ya ce jikin mutum ba ya yaƙar bairas ta wannan hanya. Wa zan bi?

AMSA: Ɗana, ka faɗa tsakiyar gardamar da manyan masana suka shafe fiye da shekara ashirin suna yi, don haka kada ka ga laifin takarda ko na malam.

Mu masu shayarwa muna da Dicer, guda ɗaya tal, ƙuda yana da biyu. Muna da Argonaute. Amma yawancin aikinsu a jikinmu na cikin gida ne: sarrafa ƙananan RNA namu da ake kira maikro-RNA, masu daidaita yawan furotin da sel ke yi. In sel ɗinmu ya ga tufka biyu, abin da ya fi yi shi ne kururuwa. Yana sakin intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957, maƙwabta su ji su rufe ƙofa. Ƙwari ba su da wannan.

Ga inda matsalar take. A 2004 an nuna NS1 na mura da E3L na bairas ɗin allurar agana suna iya maye gurbin B2 a cikin sel ɗin ƙuda. A 2007 aka ce VP35 na Ebola ma yana hana rufe baki. To amma duk ukun an riga an san su da ɓoye RNA mai tufka biyu don kada intaferon ya tashi. Wanda ya lulluɓe atamfa ya ɓoye ta daga mai kururuwa da mai almakashi baki ɗaya, ta yaya za ka san wanne yake gudu? Tun 2003 wasu masana a Hangari suka nuna cewa ko furotin ɗin bakteriyar hanji, wanda ba ruwansa da bairas, in dai yana kama tufka biyu, yana iya hana rufe baki a ganyen shuka. Ke nan cin wannan jarrabawa kaɗai ba hujja ba ce. Ni kaina duk jerin da na gani mai tsawo na irin waɗannan furotin, nakan rage masa kashi mai yawa a zuciyata. Bryan Cullen na Jami'ar Duke ya daɗe yana wannan suka, Benjamin tenOever kuma a 2014 ya dasa wa wani bairas furotin mai lalata ƙananan RNA, bai ga bairas ɗin ya ƙaru da komai a jikin ɓera ba.

Ɗaya ɓangaren ma ba da baki kawai suka zo ba. A 2013 Ding ya maimaita gwajinsa na ƙuda a jikin jariran ɓeraye, da bairas ɗin Nodamura, wanda aka samo daga sauro a Japan a 1956, shi ma mai B2. Cikakken bairas ya kashe jariran cikin 'yan kwanaki. Marar B2 kuwa, jariran suka share shi suka rayu, aka kuma sami guntayen RNA ɗinsa masu haruffa 22 a jikinsu, sawun Dicer ƙarara. A fitowa guda ta mujallar Science wata ƙungiya a Suwizalan ta ga irin guntayen a cikin sel na asali na ɗan tayin ɓera, wato sel ɗin da sauran nau'o'in sel na jiki ke fitowa daga gare su. Daga baya aka ga haka da mura marar NS1, da wani bairas mai kawo ƙurajen hannu da ƙafa da baki ga yara, wanda furotinsa 3A ke yin aikin lulluɓin. Hujjarsu ita ce: ba ku ga guntayen a baya ba ne saboda da cikakken bairas kuke nema, shi kuwa ya riga ya share sawu.

A 2021 ɗakin binciken Caetano Reis e Sousa a Cibiyar Francis Crick ta Landan ya kawo abin da, a ganina, ya sassauta rikicin. Sun sami wani gajeren nau'in Dicer, wanda ya rasa wani yanki da ke taka masa birki, ya fi na kullum iya datsa doguwar tufka, kuma ya fi yawa a sel na asali, waɗanda dama kururuwar intaferon ɗinsu ba ta da ƙarfi. Su ne kuma tun 2018 suka nuna cewa wani furotin na tsarin intaferon, LGP2, yana tare Dicer. Wato a jikinmu sabon mai gadi ne da kansa yake danne tsohon, tsohon kuma yana riƙe da ɗakunan da sabon ba ya shiga.

Kada ka manta da waɗanda ba a gardama a kansu, don su maikro-RNA suke nufa. Adenobairas, mai kawo mura da jan ido, yana zubo wata 'yar RNA mai suna VA da yawan gaske har ta cushe ƙofar fita daga cibiyar sel, ta kuma shagaltar da Dicer. Ka tuna shagon tela a jajibirin Sallah: ba wanda ya ƙwace almakashinsa, ɗinki ne ya yi masa yawa. Bairas ɗin allurar agana yana liƙa wa maikro-RNA wutsiya don sel ya narkar da su. Wani bairas na birai a ɗakin binciken Joan Steitz an same shi a 2010 yana farautar guda ɗaya tak, mai lamba 27. Na ciwon hanta nau'in C kuwa juya abin ya yi, ya mai da mai lamba 122 na hanta abokin tafiya, ba ya hayayyafa sosai sai da shi.

A jarrabawa ka rubuta cewa a ƙwari da tsutsa da shuka magana ta tabbata, a masu shayarwa an nuna ta a sel na asali da jarirai da bairas ɗin da aka cire wa garkuwa, girmanta a jikin baligi kuma shi ake ja a kai. Ka kawo gwajin Nodamura da sukar 2003 duka biyu. In malamin ya rage maka maki, ka kai masa wannan shafin.

TAMBAYA: Daga Maraɗi. Malam, tunda an san wannan dabara, an yi maganin shawara da ita?

AMSA: Ba a yi ba, Alhaji. Maganin farko da aka gina a kan rufe bakin RNA, patisiran, an amince da shi a Amurka a 2018, amma na wata cutar gado ce mai lalata jijiyoyi, ba na bairas ba. Wahalar ita ce kai guntayen cikin sel ɗin da ake so a kan lokaci, ga kuma bairas da ke sauya harafi ƙyallen ya daina dacewa. Shawara har yau ba ta da magani nata na kanta, jinya ake yi. Abin da take da shi allura ce da Max Theiler ya samar a 1937 daga bairas ɗin da aka ɗauka a jinin wani mutumin Gana a 1927, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. In katinka ya ɓata, ko ba ka tuna an yi wa yaranka ba, ka kai su asibiti a duba. Randar tsakar gida kuma a rufe ta, a riƙa wanke cikinta duk mako, don ƙwan Aedes a jikin bango yake mannewa, yana iya yin watanni a bushe yana jiran ruwa.